Lambar 18 a jikin kwalin gem: me take nufi, kuma ta isa uwa ta dogara da ita?

Wata uwa ce ta aiko da wannan tambaya: "Ɗana mai shekara 11 ya matsa mini sai na saya masa gem ɗin GTA V, yana cewa duk abokansa suna buga shi a gidan gem na unguwarmu. Na ga an rubuta 18 da ja a jikin kwalin, shi kuma ya ce lambar wahalar wasan kawai take nunawa, kuma ya iya. Ƙanena mai shekara 26 da ke zaune tare da mu yana buga irinsa a falo yara suna kallo. 'Yata mai shekara 8 ba ta rabuwa da Roblox a wayata, sannan yaron kullum cikin neman kuɗin sayen 'yan wasa yake a gem ɗin ƙwallo, alhali 3 aka rubuta a jikinsa. Su waye ke sa waɗannan lambobi, kuma zan iya dogara da su?"

Hajiya, bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada ki saya wa yaro mai shekara 11 GTA V. Bayanin da ya yi miki game da lambar ba daidai ba ne, ko da yake ba lallai ne da gangan ya so ya rufe ki ba, domin yara da yawa, har da wasu masu sayar da faifan, haka suka ɗauki abin. Lambar ba ruwanta da wahalar wasa ko kaifin basirar mai bugawa. Tana magana ne a kan abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji. A cikin wannan gem, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2013, mai wasa yana shiga rigar wasu 'yan fashi uku ne, kuma abin da ke ciki ya haɗa da harbe-harbe da jini, ashar da ba ta yankewa, shaye-shaye, gidajen rawar tsiraici da mata masu zaman kansu. A tsakiyar labarin ma akwai matakin da mai wasa zai azabtar da wani mutum da aka ɗaure a kujera, shi da hannunsa zai zaɓi ko ya fizge masa haƙori ko ya jona masa wutar lantarki, kuma labarin ba ya ci gaba sai an yi hakan. Yaro zai ce miki shi mota kawai yake tuƙawa a cikin gari, kuma mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa a ranar farko, amma duk sauran abubuwan suna nan a cikin garin da yake yawo, babu maɓallin da ke kashe su.

Asalin waɗannan lambobi daga Amurka yake. A watan Disamba na 1993 Majalisar Dattawan ƙasar ta yi zaman sauraren bahasi, wanda Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka jagoranta, bayan iyaye sun tayar da jijiyar wuya a kan wasanni irin su Mortal Kombat, inda wanda ya yi nasara zai iya tsige kan abokin karawarsa har da ƙashin baya. Sanatocin suka ba kamfanoni zaɓi, ko su tsara wa kansu hanyar gargaɗin iyaye ko gwamnati ta tsara musu, shi ya sa a 1994 kamfanonin suka kafa hukumar ESRB, wadda har yau ita ce ke sa wa wasanni alama a Amurka da Kanada. Ita da haruffa take aiki: E na kowa da kowa, E10+ daga shekara 10, T daga shekara 13, M daga shekara 17, sai AO na manya zalla daga shekara 18. Ƙasashen Turai kuma suka haɗu a kan tsarin PEGI a 2003, wanda ƙasashe fiye da 30 ke amfani da shi, kuma shi ne mai lambobi 3 da 7 a kore, 12 da 16 a ruwan lemo, 18 a ja. Tunda faifan da ke zuwa kasuwanninmu wasu daga Turai suke fitowa wasu daga Amurka, za ki iya ganin GTA V ɗaya ɗauke da 18, wani kuma ɗauke da M, duk wasa ɗaya ne. A Najeriya muna da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda dokar 1993 ta kafa, amma ba tambarinta ake gani a jikin faifan PlayStation ba, saboda haka awon wasu muke karantawa.

Matakan PEGI suna hawa ne bisa yadda abin da ake nunawa yake kama da gaske. A 3 ba a yarda da abin tsoratarwa ko baƙar magana ba, sai dai ɗan dambe irin na barkwanci. A 7 za a iya samun abin da zai ɗan firgita ƙaramin yaro, da faɗan da bai yi kama da na mutane ba. A 12 faɗan ya fara tsanani, amma a kan dodanni ko kuma a siffar da ba ta gaske ba, tare da zagi marar nauyi da maganganun da ke shaguɓe ga sha'awa. A 16 ne duka da harbi suke zama kamar yadda za su kasance a zahiri, a ga giya da taba da ƙwaya, a ji ashar sosai. Shi kuwa 18 ana ajiye shi ne ga kisan gilla, azabtar da wanda ba zai iya kare kansa ba, ƙawata shaye-shaye, caca, da saduwa a bayyane. Abin da ya fi lambar amfani yana bayan kwalin, inda ake sa ƙananan hotuna masu faɗin dalilin lambar: dunƙulallen hannu na nufin faɗa, gizo-gizo na nufin abin tsoro, allura na nufin ƙwaya, alamar namiji da mace na nufin al'amuran jima'i, ɗan lido na nufin caca, hannu riƙe da katin banki kuma na nufin ana sayen abubuwa da kuɗi a cikin wasan. Wasanni biyu za su iya ɗaukar 12 iri ɗaya, ɗaya saboda yaƙi da dodanni, ɗaya saboda shigar banza da shaguɓe, kuma na san ba hukunci ɗaya za ki yanke musu ba.

Kuskuren da yaronki ya yi yana da ɗan'uwa a wajen manya, wato ɗaukar 3 ko E a matsayin shaidar cewa wasan na ƙananan yara ne. Microsoft Flight Simulator, wanda ake tuƙa jirgin sama da ma'aunai irin na matuƙa na gaske, 3 yake ɗauke da ita, haka ma Football Manager, wanda ke cike da lissafin albashi da kwantiragin 'yan wasa da yaro ɗan firamare ba zai gane kansa ba. Cuphead yana da 7, zanensa kamar katun, amma wahalarsa tana sa manya ajiye abin bugawa su tashi. Lambar tana cewa babu abin da zai cutar da idon mai waɗannan shekaru, ba ta ce zai iya ba, ba ta ce zai ƙaru da wani abu ba.

Sai kuma yadda ake samun lambar, domin a nan ne za ki san inda za ki saki jiki da inda za ki ƙara sa ido. Idan wasa zai fito a faifai, kamfani yana cike doguwar takardar tambayoyi, ya haɗa da bidiyon da ke nuna mafi munin abin da ke ciki, sannan ma'aikatan hukumar su duba su yanke hukunci, kuma a Amurka kamfanin da ya ɓoye wani abu zai iya fuskantar tarar da ta kai dala miliyan 1. An ga misalin haka a 2005, lokacin da aka gano wani ɓoyayyen wasan batsa a cikin GTA San Andreas, aka ɗaga alamarsa daga M zuwa AO, manyan shaguna suka kwashe shi, kamfanin ya sake buga faifan da aka cire abin. Wasannin waya ba haka suke ba. Suna fitowa da yawan da babu hukumar da za ta iya dubawa ɗaya bayan ɗaya, don haka a 2013 hukumomin suka haɗa wani tsari mai suna IARC, wanda Google Play ya fara amfani da shi a 2015: mai wasan ne yake amsa tambayoyi a intanet, kwamfuta ta fitar da lamba nan take, sai daga baya a riƙa bincikar wasu, musamman waɗanda suka yi farin jini ko aka kai ƙorafinsu. Lambobin 3+ da 7+ da 12+ da 16+ da 18+ da kike gani a Play Store daga nan suke. Kamfanin Apple yana da nasa tsarin daban, wanda ya sabunta a 2025 zuwa 4+, 9+, 13+, 16+ da 18+. Ke nan lambar da ke jikin faifan babban kamfani ta fi ta ƙaramin wasan waya da ba a san mai shi ba nauyi, kuma ko wasan wayar yana da tsabta, tallace-tallacen da ke faɗowa a cikinsa sau da yawa ba su da ita.

Akwai kuma hanyar da babu lamba ko kaɗan, kuma a wajenmu tana da yawa ƙwarai: gem ɗin da aboki ya tura ta Xender, ko wanda aka ɗora a shagon masu tura fina-finai, ko tsofaffin wasannin PSP, wato ƙaramar PlayStation ta hannu, da ake bugawa a waya ta manhajar PPSSPP. Ta wannan hanya ce San Andreas da God of War da Mortal Kombat, waɗanda duk na manya ne, suke shiga wayoyin yaran da iyayensu ba su taɓa ganin kwalin ba. Idan kika ga sunan wasa a wayar yaro, ki rubuta shi a shafin PEGI ko na ESRB, za ki samu lambarsa da taƙaitaccen bayanin abin da ke ciki, sannan ki nemi bidiyon wasan a YouTube ki kalli minti 10 daga tsakiyarsa, ba tallarsa ba. Gani ya kori ji.

Yanzu ga batun gem ɗin ƙwallo, wanda a ganina shi ne wurin da lambar ta fi yaudarar iyaye. An gina tsarin alamomin nan ne a zamanin da ake sayen wasa sau ɗaya a gama, don haka jini da zagi da tsiraici yake aunawa, ƙwallo kuwa ba ta da ko ɗaya, sai ta samu 3. Amma wasannin ƙwallo na yanzu suna sayar da abin da za a iya kira akwatin sa'a: ka biya kuɗi na gaske, a ba ka ƙunshin 'yan wasa da ba ka san waɗanda ke ciki ba sai ka buɗe, mafi yawan lokuta tarkace, can ba a rasa ba fitaccen ɗan wasa ya faɗo, da walƙiya da kiɗa da aka tsara domin zuciya ta buga. Wanda ya samu yana son ya ƙara, wanda bai samu ba yana ganin saura kaɗan. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba wannan a 2018 ta ce caca ce a ƙarƙashin dokarta, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a ƙasar. ESRB da PEGI ba su ɗaga lambar ba a lokacin, sai dai suka ƙara rubutun gargaɗi, na sayayya a cikin wasa a 2018, da na sayen abin da ba a san me zai fito ba a 2020. Jamus, wadda ke da tata hukumar mai suna USK, ta fara lissafa irin wannan haɗari daga 2023, shi ya sa gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC 24 ya samu 12 a can, alhali a sauran Turai 3 aka ba shi. Ostareliya ma daga watan Satumba na 2024 ta daina ba wasan da ke sayar da akwatin sa'a alamar ƙananan yara.

Abin da ya fi fito da raunin tsarin fili shi ne labarin wani ƙaramin wasan karta mai suna Balatro, wanda ya fito a 2024. Ba a sa kuɗi a cikinsa, ba a sayen komai bayan kuɗin wasan, amma saboda yana amfani da tsarin kartar da ake caca da ita, PEGI ta ba shi 18, a daidai lokacin da wasan ƙwallon da yara ke zuba kuɗin gaske a cikinsa yake zaune da 3. Sai da aka ɗaukaka ƙara kafin a mayar da shi 12 a watan Fabrairu na 2025. Wato ma'aunin ya kama abin da ya yi kama da caca a ido, ya bar wanda ke aiki kamar caca a aljihu. Hukumomin suna ta gyara ƙa'idojinsu a kan wannan, saboda haka sabon fitowar wasa zai iya zuwa da lambar da ta bambanta da ta bara. Ni dai shawarata ita ce yaro ya buga ƙwallonsa da ƙungiyoyin da ke cikin wasan, shi da abokansa, amma kada a ba shi kuɗin buɗe akwati ko sau ɗaya, musamman a wurin da shagunan cacar ƙwallo suka cika tituna kuma suna jiran wanda ya riga ya saba da wannan bugun zuciya.

Roblox da 'yarki ke bugawa matsalarsa daban ce. Shi ba wasa ɗaya ba ne, dandali ne mai ɗauke da miliyoyin wasanni da mutanen gari suka ƙirƙira, wasu yara ne, wasu manya, don haka lamba ɗaya ba za ta iya siffanta shi ba. PEGI ma ta taɓa cire masa lamba, ta sa masa alamar motsin rai mai nufin sai da kulawar iyaye. Babban abin lura a nan shi ne mutanen da ke ciki. Babu hukumar da za ta iya auna abin da baƙo zai rubuta wa yarinya ko abin da zai faɗa mata ta murya, kuma su kansu hukumomin sun daɗe suna rubuta cewa alamarsu ba ta shafi hulɗa da sauran masu wasa ba. Masu neman lalata yara sun san inda yara ke taruwa, kuma salonsu sananne ne: su fara da kyautar kuɗin cikin wasa, su nuna su ma yara ne, sannan su nemi a koma WhatsApp ko wata manhaja inda babu mai sa ido. A kan zargin gazawa wajen kare yara ne wata kotu a Turkiyya ta rufe Roblox a watan Agusta na 2024, kuma a watan Nuwamba na shekarar kamfanin ya ƙara tsaurara dokokin saƙo ga 'yan ƙasa da shekara 13. Kafin nan, a watan Disamba na 2022, kamfanin Epic mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka kan tattara bayanan yara da kuma dabarun da ke sa mutane sayen abin da ba su yi niyya ba, aka kuma wajabta masa kashe hira ta murya da ta rubutu ga yara tun daga farko. Amma duk wannan kariya tana rataye ne a kan abu ɗaya, shekarun da dandalin ya ɗauka mai asusun yana da su. Idan yarinyar da asusunki take shiga, ko an rubuta mata shekarun babba domin a huta da tambayoyi, to dandalin zai iya ɗaukarta a matsayin babba. Ki buɗe mata nata da shekarunta na gaskiya, ki haɗa shi da naki na uwa, ki taƙaita hira, ki kuma zaɓi mataki mafi sauƙi a jerin matakan da Roblox ke sa wa wasanninsa.

Akwai wani gefen da ya kamata a faɗa a fili: kowace alama tana ɗauke da ra'ayin mutanen da suka yi ta. Amurkawa sun fi tsananta wa tsiraici da zagi, Jamusawa sun daɗe suna tsananta wa zubar da jini, Japan tana da nata tsarin mai suna CERO tun 2002, Saudiyya kuma ta fito da nata a 2016 domin na Turai bai biya mata buƙata ba. Wasan The Sims 4 yana da 12 a Turai, amma Rasha ta ba shi 18 a 2014 saboda yana ba da damar auren jinsi ɗaya. Babu wani hoto a bayan kwali da ke gargaɗi a kan bautar gumaka ko tsafi ko wasa da abin da addini ya girmama, domin ba a sa su cikin ma'aunin ba. A 2008 kamfanin Sony ya ɗage fitar da LittleBigPlanet, wasan ƙananan yara, bayan an gano wata waƙa a ciki tana ɗauke da ayoyin Alƙur'ani, kuma a 2021 masu Call of Duty: Vanguard sun nemi afuwa suka cire shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa a wani fage na wasan. A duka biyun, Musulmin da ke buga wasannin ne suka gano suka yi magana, ba hukumar alama ba. Lambar kamar rubutun jikin kwalin magani take, yana faɗin abin da ke ciki da wanda bai kamata ya sha ba, amma wanda ya rubuta bai san majinyacinki ba. Don haka ki ɗauke ta a matsayin mafi ƙarancin shekaru, kina da damar ƙarawa a kai bisa tarbiyyar gidanki. Ragewa kuwa, ina ganin yaro mai shekara 11 zai iya buga wani wasan mai 12 idan kin duba shi da idonki, amma 16 da 18 ba na ɗan firamare ba ne ko wane irin wayo yake da shi.

Ba zan ce miki GTA zai mayar da ɗanki ɗan fashi ba, domin bincike bai nuna haka ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin faɗa da ƙananan halaye na zafin rai, irin su tsawa da ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar danganta su da aikata manyan laifuka. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2019, a kan matasa kusan 1,000 masu shekara 14 da 15 a Birtaniya, bai samu alaƙa tsakanin buga irin waɗannan wasanni da faɗace-faɗacen matasan ba. Kotun Ƙolin Amurka ma, lokacin da ta soke dokar jihar Kalifoniya ta hana sayar wa yara wasannin faɗa a 2011, ta ce hujjojin da aka kawo ba su tabbatar da cewa wasan ne sanadi ba. Dalilin hanawa ya fi wannan kusa: yaron da bai balaga ba zai ga al'amuran jima'i a siffar ciniki, zai kwashi ashar ya kai makaranta, zai ga ana dariya a kan wulaƙanta mace, wani kuma abin da ya gani zai hana shi barci amma kunya ta hana shi faɗa. Idan kika kafa hujjarki a kan cewa zai zama ɗan daba, zai nuna miki abokansa goma da ba su zama ba, ki rasa ta cewa.

Shi kuwa ƙanenki, lambar ba ta hana shi komai ba, kuma buga gem a shekara 26 ba alamar yarinta ba ce, tunda a Amurka ma matsakaicin shekarun masu buga wasannin bidiyo ya haura 30. Alamar M ko 18 ba ta nufin wasan batsa ne kai tsaye, domin a ƙarƙashinta akwai wasannin yaƙin tarihi da na ban tsoro da masu labari mai nauyi. Waɗanda batsa ce zallarsu AO ake ba su, kuma Sony da Nintendo da Microsoft ba sa yarda da su a na'urorinsu. Ba ta kuma nufin wasan ya fi na ƙasa da shi kyau, kusan rabin wasannin da ESRB ke dubawa a shekara E suke samu. Ko abin da ke cikin wani wasan ya dace da mutuncinsa da addininsa, wannan hukunci ne da shi zai yi wa kansa a matsayinsa na baligi. Inda maganar ta shafe ki shi ne falo. Mai kallo yana ganin duk abin da mai bugawa ke gani, yana jin duk abin da yake ji, har ma ya fi shi natsuwar kallo tunda hannunsa ba ya aiki. Ki same shi ku biyu, ba a gaban yara ba, ki roƙe shi ya mayar da irin waɗannan wasanni ɗakinsa ko bayan yara sun kwanta, ya sa abin ji a kunne, ya kuma sa wa asusunsa lambar sirri. Shi ne ma ya fi kowa dacewa ya taya ki saita na'urar, kuma yaro ya fi jin maganar kawun da ya iya gem fiye da ta uwar da yake ganin ba ta san komai a kai ba.

Lokaci ma lambar ba ta auna shi. Wasa mai 3 zai iya cinye daren yaro kamar mai 18, musamman waɗanda ke ba da kyauta ga wanda ya shiga kullum su kuma hana wanda ya yi fashin kwana ɗaya. Ƙasar Sin ta ɗauki matakin da ya fi na kowa tsauri a 2021, inda ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, amma da sharuɗɗa masu tsauri: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da illar da yake gani, kuma hakan ya ɗauki kamar wata 12. Kaɗan ne daga masu wasa suke kaiwa nan, saboda haka yaron da ya yi fushi an karɓe waya ba majinyaci ba ne. Abin dubawa shi ne barci da karatu da salla da cin abinci da fita wasa da 'yan uwansa.

A aikace, a Play Store akwai sashen kulawar iyaye inda za ki zaɓi iyakar lamba ki rufe da lambar sirri, ki kuma saita cewa ba a sayen komai sai an tabbatar, sannan ki cire katin bankinki daga asusun da yara ke taɓawa. Idan yaron yana da tasa wayar, manhajar Family Link tana ba ki damar ƙayyade lokaci da hana ɗora abin da aka turo daga waje, wanda shi ne ke toshe hanyar Xender. A PlayStation ki sa a buɗe masa asusun yaro a ƙarƙashin na babba, inda ake zaɓar iyakar shekaru da lokacin wasa da kuɗin da zai iya kashewa a wata. Kada kuma hanin ya zo hannu rabbana: idan yawo da mota a cikin gari yake so, Lego City Undercover yana da wannan tsarin, sai dai ɗan sanda ne mai wasan kuma 7 yake ɗauke da ita, ga Gran Turismo 7 da Rocket League masu 3, ga Minecraft mai 7.

Gidan gem ne saitin waya ba ya kaiwa. A Birtaniya, tun 2012 laifi ne a sayar wa yaro wasan da lambarsa ta 12 ko 16 ko 18 ta fi shekarunsa, amma mai shagon unguwarku babu wanda ya taɓa nuna masa ma'anar jan tambarin, kuma mai yiwuwa faifan ma ba shi da shi, a cikin na'urar aka loda masa wasannin. Ya fi kyau mahaifin yaron ko ƙanen naki ya je ya same shi cikin mutunci, tare da wasu iyayen idan zai yiwu, a nemi ya bar ƙananan yara a kan ƙwallo da tseren mota, ya ajiye GTA da Mortal Kombat ga samari a lokacin da yara ba sa nan, kuma ya sallami 'yan firamare kafin magariba. Akasarin cinikinsa daga ƙwallo yake fitowa, don haka ba asara mai yawa ake nema ya yi ba, kuma ya san iyayen da suka zo da lalama su ne za su iya hana yaransu zuwa gaba ɗaya ko su kai maganar gaban mai unguwa.